Shagon masu zane na Samaru: abin da na gani, abin da na saya, da inda suka gaza

Masu neman inda za a yi musu zane mai kyau na hannu, ba wanda ake bugawa a inji a manna a firem ba, ni dai shawarata ku gwada Zariya. Akwai wani ɗan shago a Samaru cikin layukan da ke fuskantar babbar ƙofar ABU in ka tsallaka titin Sakkwato, na yi hulɗa da su na sayi aikinsu kuma na gamsu, amma ba zan kama suna ba don ba talla aka biya ni in yi ba, sannan akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne, bana son ya zama na taɓa wa mutum abincinsa. Wanda ya san Samaru in ya yi tambaya kaɗan zai gane wurin.

Shagon ɗaki biyu ne, na gaba nan suke rataye abin sayarwa, na ciki nan ake aikin, tun daga bakin ƙofa warin fenti da tina zai tare ka. Mutum uku ne, ogan wanda ya karanta zane a nan ABU, sai yaransa biyu ɗaya ma har yanzu ɗalibi ne. Suna zana fuskar mutum da gawayi ko fensir in ka kawo hoto, suna yin fentin mai da akirilik a kan kanbas, suna rubuta ayoyi da sunayen Allah irin na ratayewa a falo, suna zanen bango a makarantu da gidajen abinci, firem kuma wani kafinta suke kai wa.

Abin da ya fara kai ni hoton mahaifinmu ne Allah Ya jiƙansa, tsohon hoto baƙi da fari wanda duk ya koɗe gefe ɗaya ma ruwa ya taɓa shi. Da gawayi aka yi shi, kuma wallahi ranar da na kai gida sai da Hajiyarmu ta yi hawaye, don har ɗan karkacen da yake yi wa hularsa da yadda yake ɗan runtse ido ɗaya duk sun fito, abin da ma a hoton sai ka ƙura ido sosai kake gani. N45,000 na biya har da firem da gilashi, a ganina kuɗin bai yi yawa ba in ka duba zaman da ake yi a kai. Toh ta wannan ɓangaren babu abin cewa, sun iya.

Amma fa ba shi ne dalilin wannan dogon rubutun ba. Zanen fuska da gawayi yanzu ya zama ruwan dare, ko ina ka leƙa a Instagram da TikTok samari ne ke zana gashi ɗaya ɗaya da digon zufa har ka rasa bambanta shi da hoton kyamara. Tun lokacin da Kareem Waris yana ɗan shekara 11 ya zana shugaban Faransa Macron a Legas a 2018, sannan a 2019 Eli Waduba na Kaduna ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart har mutumin ya gani ya ce zai saya, shikenan kowane yaro mai hannu ya ɗauka nan ne ƙarshen hanya. Ni ban raina ba, gwaninta ce babba kuma tana ciyar da mutane da yawa, sai dai hannu take nunawa, ba ta nuna maka abin da ke cikin kan mai zanen. Kai ka kawo hoto shi ya kwafa, iyakarta kenan.

Abin da ya ɗaure ni da shagon nan yana ɗakin ciki, wasu zanuka ne jingine da bango an kifa fuskarsu ciki ƙura duk ta hau bayansu. Da na tambaya sai ogan ya ce min, Yallaɓai waɗannan ai ba na kasuwa ba ne nawa ne kawai, ba mai tambayarsu. Na ce Malam juyo min su in gani. Yana juyowa ɗaya bayan ɗaya sai na ga ashe tarihin mutum nake kallo tun daga farkonsa.

Na farko farko irin na kowa ne, hawan sallah da dawakai da 'yan lifidi, 'yar Fulani da ƙwaryar nono a ka, mai kakaki ya kumbura kumatu, irin dai waɗanda za ka gani a kowane otal a Abuja, launi ya yi ɗau amma in aka cire sa hannunsa ba za ka taɓa cewa na wane ne ba. Shi da kansa bai tsaya a kansu ba ya wuce da sauri. Daga nan sai aka zo wani zango da mutanen suka fara raguwa a cikin zanen, dokin ya koma 'yan layuka, bangon da ke bayan dokin kuma ya fara cin fili. Ya ce lokacin ne ya fara shiga cikin birni da littafin zanensa yana kwafar adon tsofaffin gidaje, dagi da zankwaye da irin murɗe-murɗen nan da magina ke fitarwa a fuskar zaure, yana zuwa tsohon masallacin Juma'a wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu yana kallon yadda bakan gizon rufin suka harɗe. A zanukan wannan zangon ya daina sayen kalar ƙasa a shago, jar ƙasar Zariya yake tankaɗewa ya kwaɓa da gam ya shafa ta da kauri a kanbas sannan ya karce ta tun tana ɗanye kamar yadda magini ke yi, in ka sa hannu kana jin tudu da kwari. Wasu sun tsage don bai gane ma'aunin gam ɗin da wuri ba, kuma bai ɓoye su ba ya nuna min har da waɗanda suka lalace, wannan ya ƙara min ganin girmansa.

Sai na baya bayan nan, waɗanda su ne suka tsayar da ni. Babu mutum ko ɗaya a ciki amma cike suke da mutane. Wanda na saya takalma ne a ƙofar masallaci, silifas ɗin roba da ya cinye ta dunduniya, sau-ciki mai sheƙi na wani mai hali, ɗan ƙaramin takalmin yaro an saka shi cikin na babansa don kar ya ɓata, sandar makaho a jingine, duk a kan jar ƙasar nan, sama kuma inuwar ƙofa ce kawai da tawada irin ta allo wadda ake haɗawa da ƙaro. Kana kallo kana jin sahu ya cika a ciki. Akwai wani na robobin almajirai jere a gindin bango da hantsi, wannan ban iya sayensa ba don ya min nauyi a zuciya, ba zan iya cin abinci a gabansa kullum ba, amma a ganina ya fi nawa ƙarfi. Akwai kuma waɗanda ya yanka katako siffar allo ya yi aiki a kai da salon zayyana irin wadda ake yi wa mai sauka, ba tare da ya rubuta aya ba don kar a ajiye inda bai dace ba.

Na tambaye shi me ya sa ya cire mutane, ya ce abu biyu ne, na ɗaya kwastomomi da yawa ba sa son rataye hoton mai rai a ɗaki saboda abin da suka ji daga malamai, na biyu kuma da ya cire ɗin sai ya ga ashe abin da mutum ya bari a baya ya fi fuskarsa bada labari. Maganar hukunci na bar wa malamai, ni abin da ya burge ni yadda abin da wani zai ɗauka takura ce shi ya mayar da shi hanyarsa.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne a Zariya, shi ya sa nake jin takaici in na ga 'yan garin ba su san abin da ƙasarsu ta haifar ba. A nan ne a 1958, tun makarantar tana kwalejin fasaha da kimiyya kafin ta zama ABU a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane wadda daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne suna koya musu zane irin na makarantun Ingila, su kuma suka ce za su karɓi dabarar amma abin da za a zuba a ciki na gida ne, kowa ya koma ya tono adon ƙabilarsa. Okeke wanda ya taso a Kafanchan ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya ɗauke shi ya kai jami'ar Nsukka har ya zama salon zane guda da ake koyi da shi. Onobrakpeya ya kama tatsuniyoyin Urhobo ya zama gwanin zanen da ake sassaƙawa a buga, har yau yana tara masu zane duk shekara a Agbarha-Otor. Grillo aka san shi da shuɗi da dogayen matan Yarbawa, ya rasu a 2021. Nwoko ya karkata ga gini har aka ba shi kyautar Zakin Zinare a babban baje kolin zanen gine-gine na Benis ta Italiya a 2023. Duk daga Samarun nan fa. Bayansu aka yi Gani Odutokun wanda ya koyar a sashen, yana tsinka fentin mai ya kwarara shi a kanbas ya bi inda ya gangara ya fitar da siffa, haɗarin mota ya ɗauke shi a 1995, sai kuma Farfesa Jerry Buhari ɗan kudancin Kaduna da aikinsa kan lalacewar muhalli.

Toh abin tambaya, su sun koma ga uli da adire, wato rinin Yarbawa, da tatsuniyar garinsu, mu da muke zaune a kan zanen gini da zayyana da aska takwas ta babbar riga da shunin marinar Ƙofar Mata da adon ƙwarya da na fata, su waye namu da duniya ta sani da wannan? Akwai masu ƙoƙari irin su Hajiya Kaltume Gana a Kano, amma gaskiya mun yi ƙaranci ƙwarai in aka kwatanta da yawanmu da kuma yawan kayan da muka gada. Shi ya sa da na ga takalman nan na ji kamar in rungume shi.

A jikin bangon ɗakin aikin ya manna hoton wani tsoho da ya yanko daga mujalla, na ce wane ne, ya ce Ibrahim El-Salahi na Sudan, wai shi ne malaminsa da bai taɓa gani ba. Na san labarin mutumin kuma na ga dalilin. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne, ya je Landan ya karanta zane a makarantar Slade ya dawo Khartum da salon Turawa ya baje kolinsa mutanen gari ba su ko kula ba, sai ya zauna ya tambayi kansa me mutanensa ke ratayewa a ɗakunansu, ya ga rubutun Larabci ne da ado, daga nan ya fara warware haruffa yana fitar da siffofi daga cikinsu. A farkon shekarun 1960 har Ibadan aka nuna aikinsa a Mbari, cibiyar marubuta da masu zane. A 1975 gwamnatin Numeiri ta kulle shi a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba, a can ma yana zane a ɓoye a kan 'yan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a ƙasa. A 2013 Tate Modern, babbar cibiyar nuna zane ta Landan, ta yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa, shi ne ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a can. Ɗan makarantar allo fa kamar ni da kai. Ban ce ɗan Samarun nan ya kai can ba, da sauransa da nisa, har yanzu wani lokacin yana cika kanbas da ado fiye da kima kamar yana tsoron barin fili, kuma shuɗinsa bai zauna ba kamar yadda jansa ya zauna, amma hanyar da ya ɗauka mai ɓullewa ce.

Yanzu bari in zo kan inda suka ɓata min rai, don duk wanda zai je ya tafi da saninsa.

Alƙawari dai babu shi. Ranar da aka ce min in zo in karɓa na taso tun daga Kaduna na tarar ko rabi ba a yi ba, wai an kawo musu aikin gaggawa na hoton wani ɗan siyasa da za a ba shi kyauta a taro, kuma ba wanda ya ɗaga waya ya gaya min kar in taso. Na gane cewa irin wannan aikin shi ke biyan kuɗin haya, amma kira ɗaya ai ba ya cin komai. In kana da biki ko ranar da ka ƙayyade, ka ba su kwanan da ya gabaci na gaskiyar da nisa, kuma kar ka biya duka a farko, rabi suke karɓa ka tsaya a kan rabin.

Firem ɗinsu kuma shi ne mafi rauni a duk aikin. Kafintan da suke kai wa ɗanyen katako yake amfani da shi, da hunturu ya shigo na hoton Baba sai ya banƙare kusurwa ɗaya ta buɗe ƙura ta fara shiga ƙarƙashin gilashin, kuma takardar tana manne da gilashin kai tsaye babu kwalin da ake sawa a tsakani, wanda kuwa in damina ta zo laima za ta iya kama gawayin ta ɓata shi. Sai da na kai wani wuri a Kaduna aka sake min. Shawarata ka karɓi zanenka tsirara ka kai inda suka iya firem, kuma in na gawayi ne ka tabbatar an fesa masa maganin da ke kama gawayin kar ya goge, ka tambaya da bakinka don yaran wani lokaci suna mantawa.

Wanda ya fi damuna kuma ba ni ya cuta ba, kansa yake cuta. Yawancin zanukan ɗakin cikin nan babu shekara a jiki, wasu ko sa hannu babu, ba shi da hotunansu, bai rubuta wa ya sayi wanne ba, rasit ma sai da na roƙa aka yago takarda daga littafi aka rubuta min. Na ce masa Malam wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, zanen Tutu da mai zanen nan ɗan Najeriya Ben Enwonwu ya yi a 1974 shekaru aka yi ba a san inda yake ba sai a wani gida a Landan aka gano shi, aka sayar da shi fam miliyan 1.2 a 2018, kuma abin da ke sa irin wannan ya yi daraja shi ne a iya tabbatar da wanda ya yi da lokacin da ya yi. Ba ina cewa nasa zai kai haka ba, amma ko don 'ya'yansa da ɗaliban da za su zo nazari wata rana ya kamata a san wanne ya riga wanne. Sai da na sa ya juya nawa ya rubuta suna da shekara da kayan da ya yi amfani da su a baya kafin na ɗauka. Duk wanda ya saya ya yi haka don Allah.

Wurin ma ya yi ƙunci kuma haske bai isa ba, in ba wuta sai dai a fito maka da zanen bakin titi ka gani a rana, ga ƙurar mashina. Ni hakan ya ma fi min don kalar gaskiya a rana take fitowa, amma wanda ya saba da irin gidan baje koli na Nike da ke Lekki mai hawa hawa kar ya je da wannan tunanin, nan wurin aiki ne.

Maganar kuɗi, na takalman N120,000 ya faɗa kuma ban taya ba, abokina da muka je tare har yana taɓa ni wai in rage. Ban rage ba saboda na san yadda kayan aikin suka yi tsada, fentin kirki irin su Winsor & Newton daga waje ake kawowa kuma da dala yake tafiya, shi ya sa ɗalibai da yawa suka koma fentin gida na bokiti wanda ba ya daɗewa yake koɗewa. Ka tambaya wane fenti aka yi maka aiki da shi, in ya ce maka akirilik na tub ne ko fentin mai to kuɗinka bai tafi a banza ba. Kuma mu daina wannan halin na a kashe dubu ɗaruruwa a labule da kujeru sannan a zo kan mai zane a ce ai ɗan fenti ne da ƙyalle, alhali abin da aka buga a inji daga Chana ana saya ba ciniki.

Masu son rubutun ayoyi, hannun ƙaramin yaron ya fi na ogan kyau a wannan, ya yi allo sosai kuma yana iya rubutu irin namu na warash mai kaurin nan ba sai irin na bugun Misira kaɗai ba, ku ce shi kuke so ya rubuta, amma ku duba wasulla da kanku ko ku kai wa malami ya duba kafin a sa a firem. Masu son hoton fuska ku kai hoto mai haske wanda ido ya fito sosai, kar ku tura wanda WhatsApp ya matse. In kuma daga nesa kuke, kar ku yarda a ba direba a tasha haka nan a leda, ku biya kuɗin kwali da soso a naɗe shi da kyau, mai gilashi kam gara ku ɗauka da hannunku.

In kun je kuma ko hoton biki ya kai ku, ku ce a juyo muku na ɗakin ciki. Lokacin da na baro shi yana kan wani sabon jeri a kan ƙofofin birnin Zazzau, ya gama Ƙofar Doka ya fara Ƙofar Kuyambana, ya ce wannan karon yana gwada baba daga marina a maimakon shuɗin kanti ya ga ko zai kama jar ƙasar, na riga na ce ya ajiye min ɗaya in ya yi kyau.